Rasuwar Alo, Mai Kiran Sunan Ɗiyata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da bai saba da dogon zance ba, ni Lawali ɗan Malam Abarshi na Tajaye nake sanar da dangi, da maƙwabta, da abokan zamana na Abijan, rasuwar salular matata Rahinatu, wadda aka fi sani a gidanmu da suna Alo. Ta rasu ranar Asabar da hantsi, a cikin ƙwaryar fura. An tabbatar da rasuwar a Ƙonni ranar Litinin.

Ba a san shekarunta ba. A gwanjo na same ta, gilashinta da tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa, bayanta ɗaure da jar roba. Mai sayarwa ya rantse sabuwa ce. Na bar makarantar lakwal ba takardar birebe, amma na san sabon abu in na gan shi. Na saye ta duk da haka, don kwana biyu suka rage in tafi bida Abijan, kuma zan bar mata da jaririya 'yar wata bakwai.

Jaririyar nan ita ce ɗiyata ta fari. Kowa ya san abin da wannan ke nufi a gida irin namu. Ba na kiran sunanta. Ba na ɗaukarta gaban Inna da Baba. In ta faɗi a tsakar gida, sai in duba sama in ga ko hadari ya haɗu. Ni ma ɗan fari ne. Shekarata ashirin da shida ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba, "kai" yake ce mini, kuma ga ni ban mutu ba. Ba ƙara nake kawowa ba. Ina faɗa ne don a san girman aikin da marigayiya ta ɗauka.

Ita ba ta san kunya ba. Wata goma sha tara na yi a Abijan ina tallar takalma, kuma kusan kullum da la'asar nakan hau matakalar bayan gidan da muke haya in yi saƙon murya. Abokan ɗakina sun ɗauka budurwa gare ni. Yau ku sani, ba budurwa ba ce. Saƙon kan iso Tajaye in Rahinatu ta tsaya kusa da garken awaki, nan ne kaɗai rezon waya ke sauka a gidanmu. Sai ta shiga ɗaki, ta rage sauti, ta kanga wa yarinya a kunne. Marigayiya kuwa sai ta buɗe baki ta ce:

"Alo, alo. Ina 'yar Baba? Kin sha kunu? Kin ciji wa yau?"

Daga nan ta kira sunan nan sau uku, ta ɗora da waƙa:

"Ɗan tsako ya sha kunu,
ya bar ma kaza ludayi,
kaza ta ce wa ya shanye,
ɗan tsako ya ce akuya."

Waƙar ba ta da ma'ana, na sani. Ni na tsara ta.

Da yarinya ta fara tafiya, asiri ya tonu. Ta gane inda ake dannawa. Ta riƙa sace marigayiya daga ƙarƙashin matashi tana yawo da ita tsakar gida, sauti a ƙure, gaban Inna, gaban Baba, gaban matan da suka zo aron turmi. An ce Baba yana alwala ranar da ya fara ji. Ya dakata da buta a hannu, ya saurara har akuya ta sha zargi, sannan ya ce, "Wani marar kunya ne can Abijan," ya ci gaba da wanke ƙafa. Daga ranar gidan ya tsaya a kan haka. Muryar ta Alo ce. Ba wanda ya san mai ita. Duk wanda ya taɓa samun mai ɗauke masa kunya wata goma sha tara bai gaji ba, ya san abin da na rasa.

Marigayiya mai haƙuri ce. An cije ta, an jefa ta a toka, an goya ta da tsumma ƙafafu sama, da tana da ƙafafu. An shafa mata tuwo a baki safe da yamma. Takan yi waƙar ɗan tsako sau arba'in a jere ba ta ce ta gaji ba, ba ta ce a bari sai gobe ba. Ba ta neman komai sai a kai ta shagon Mahamudu mai sola ta sha caji, kuma ko wannan sai an jira yarinya ta yi barcin rana an zare ta daga hannunta a hankali, kamar mai zare ƙwai daga ƙarƙashin kaza.

Ta kuma daɗe a sarauta, abin da ba a saba gani ba a fadar kayan wasan yarinya. An yi murfin buta, ya yi kwana huɗu. An yi gwangwanin tumatir da tsakuwa biyu a ciki, ya yi mako guda, Inna ta ɓatar da shi da gangan don kanta ya huta. An yi takalmin Baba na hagu, wanda ya sa dattijo ya je masallaci kwana uku da takalman da ba su san juna ba. An yi lokacin da ba a shan ruwa sai a jan kofi, aka wayi gari jan kofin ya zama abokin gaba, ko ganinsa aka yi sai kuka. An yi wutsiyar akuya. Duk waɗannan sun hau sun sauka a zamanin Alo, ita tana nan daram.

Na dawo gida kafin ruwan shuka. Na shigo da jakata, na durƙusa na gaida Inna da Baba, ban dubi inda yarinya take ba, yadda ya kamata. Ita ta dube ni. Ta ruga bayan zanen uwarta ta ce, "Mutum!"

Sunana ke nan har yau. Mutum ya zo. Mutum ya zauna a tabarmata. A ce wa mutum ya tashi. Na kawo mata riga mai fure da takalmi mai fitila a dunduniya. Ta karɓi ledar, ta bar kayan.

Daga nan ciwon marigayiya ya fara, kuma dole in faɗi gaskiya, dawowata ce ta jawo shi. Mai turo saƙo ya dawo gida, sabon saƙo ya yanke. Alo ta koma maimaita tsofaffin zance kamar tsohuwar da ta rikice. Yarinya ta lura. Takan girgiza ta, ta kanga a kunne, ta ce, "Alo, ce!" Alo ba ta da sabon abin cewa. Rahinatu ta ce mini a ɗaki, "Kai ma dai, ga ka ga ta. Buɗe baki mana." Na ce Inna na tsakar gida. Ta ce, "Inna kullum tana tsakar gida, can ne gidanta."

Sai na samo dabara, wadda ba na alfahari da ita. Nakan zaga bayan rumbu da tawa wayar, in tsuguna, in yi saƙon ƙasa-ƙasa in tura. Saƙon ya tashi ya je duk inda saƙonni ke zuwa, ya dawo ya sauka a garken awaki, taki goma sha biyu daga inda nake tsugune. Ina jin dariyar yarinya ta cikin dangar kara. In na fito ina kakkaɓe wando, ta ɓoye Alo a bayanta, kada mutum ya ƙwace. Wata guda muka yi a haka. Wata rana Inna ta tarar da ni a can. Ta dube ni, ta dubi rumbu, ta ce, "Gara ce kake ma wa'azi?" Ta wuce.

Da noman farko ya kama, muna gona tun asuba, in dawo ba na iya ɗaga hannu. Kwana uku ban zaga bayan rumbu ba. A rana ta uku yarinya ta yanke hukunci cewa yunwa ce ta hana Alo magana. Tuwon da ake shafa mata bai wadatar ba. Rahinatu ta dama furar gona, ta rufe da faifai, ta shiga ɗauko gyale. Abin da ya faru tsakanin shigarta da fitowarta, mutum ɗaya ne shaida, kuma shekarunta biyu da wata huɗu.

A gindin gawo muka buɗe ƙwaryar. Baba ya fara sha, ya miƙo, na sha, na mayar. A zagaye na uku ludayinsa ya bugi wani abu. Ya laluba, ya ɗago ta, nono na ɗiga daga jar robar. Ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "Gayan ga bai damu ba."

An yi iya ƙoƙari. An shanya ta a kan rumfa. An binne ta a cikin gero kwana biyu, don an ce shinkafa ke tsotse ruwa kuma ba mu da ita. Ranar Litinin na hau mota na kai ta Ƙonni wurin Takama mai gyara. Ya kwance ta, ya sunsuna, ya kawar da kai. Ya ce, "Abokina, da ruwa ne da mun gwada. Wagga nono ya kai mata ga zuciya." Na tambaye shi saƙonnin da ke ciki. Ya ce sun bi ta. Nawa kwafin kuwa babu, don mu shida ne a ɗaki a Abijan, wayar kowa ta kowa ce, nakan goge kowane saƙo da zarar ya tafi. Duk abin da na taɓa faɗa wa ɗiyata a duniya yana cikin abin nan, kuma mun sha shi ni da mahaifina.

Marigayiya ta bar caja guda mai lanƙwasasshen baki, da jar roba, da tsumman goyo. Ta bar Rahinatu, wadda ba ta da abin jin muryar 'yan'uwanta na Bazaga. Ta bar akuya, wadda har yanzu ba a wanke ta daga zargin kunu ba. Ta bar marainiya guda, wadda yau kwana biyar ba ta barcin rana, ba ta gama kunu, tana bin gida ɗaki-ɗaki tana ɗaga matasai. Na yi sabon saƙo a tawa wayar na ba uwarta ta kunna mata. Ta juya wayar, ba tsaga, ba roba. Ta ce, "Ba Alo ba," ta jefar. Bayan girbi zan koma Abijan. In na tafi a haka, mutum ne ya zo, mutum ya tafi.

Jiya da azahar na dawo ɗaukar igiya. Yarinya na zaune bakin ƙofar ɗaki ta gaji da kuka, tana ajiyar zuciya. Na ɗauka ba kowa a gidan. Ina kwance igiyar, ban san lokacin da ɗan tsako ya fito mini ta hanci ba, ba kalma, amo kawai. Ta yi tsit. Ta taso ta zo, karo na farko da ƙafarta. Ta sa hannu a aljihuna na dama, babu. Na hagu, babu. Ta ɗaga rigata ta duba. Sannan ta ja baya ta tsaya tana kallon bakina.

Na yi shiru, don na ji tarin Inna a madafa.

Da yamma Inna ta fito da tabarmarta ta zauna, ta yi magana da ƙarfi, ba da kowa ba. Ta ce ranar Alhamis bayan la'asar za ta tafi barka gidan Ladi, kuma ba ta san sa'ar dawowa ba. Ta ce kunnuwanta sun lalace tun bara, ko ganga aka buga a gidan ga ba ta ji. Ta juya wajen Baba ta ce, "Malam, kai ma ka daɗe ba ka zamna masallaci har magariba ba." Baba ya ce shi ma abin na ransa.

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta gobe Alhamis bayan la'asar, a bayan rumbu, inda marigayiya ta fi samun alheri a ƙarshen rayuwarta. Ba za a yi salla ba, Baba ya ce kada in kai wasa can. Batir ya zauna wurin Takama. Sauran za a naɗe shi a tsumman goyo, marainiya ce za ta zuba ƙasar farko, in ta yarda ta saki. Ba a buƙatar 'yan rakiya. Ba zaman makoki, ba a karɓar gaisuwa, masu niyyar kawo fura su riƙe abarsu. Wanda hanya ta biyo da shi ta bayan dangarmu, ya ji ƙaton namiji na waƙar tsako da kaza, ya yi wa Allah ya ƙara sauri. Wani marar kunya ne daga Abijan.

Bayan waƙa akwai kira sau uku, yadda marigayiya ta saba. Ban taɓa yin sa da wani na kallon bakina ba. Ban san ko za ta amsa ba.

Mai sanarwa,
Lawali Abarshi, Tajaye,
mahaifin Wasila.

Na rubuta. Saura in faɗa.