Kwamitin Auna Ƙarfin Cindo Mai Keke

A wani daji mai yawan tuddai, an yi wani jan biri mai suna Cindo, wanda ba shi da sana'a sai tseren keke. Siriri ne, daga nesa kana hango haƙarƙarinsa, amma idan ya ɗora ƙafa a feda sai dai ka hangi wutsiyarsa. Shekaru sun fara ja, gwiwa ta fara ƙara. Shi kansa ya san babban tseren dazuzzuka na bana shi ne nasa na ƙarshe, kuma bai taɓa ɗauko kofin ba. Bana kuwa jiki ya ba shi haɗin kai, kullum da sassafe yana haye tudu kamar ana tura shi.

Majalisar daji ta ga lamarin ya fi ƙarfin a bar wa mai keke, sai ta kafa kwamitin da zai auna ko ya shirya. Dorina ce shugaba. Kunkuru ya shigo a matsayin masanin gudu, Ungulu kuma likita.

A zaman farko Dorina ta dube shi da fara'a ta ce, "Ɗana Cindo, ka kwantar da hankalinka. Martabar dajin nan za ka goya a bayan keken nan, ba za mu tura ka cikin baƙi da ka ba. Abin da muke so gare ka kaɗan ne. Ka riƙa halartar zama, tunda a kanka ake yi. Keken kuma a ɗaure shi a gindin tsamiya, a hannun kwamiti, kada wani maƙiyi ya taɓa birki."

Cindo ya durƙusa ya ce, "Ranki ya daɗe, da za ku zo gindin tudu gobe da safe ku ga yadda nake hawa, ai da an gama."

Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Yaro, gani da ido aikin 'yan kallo ne, mu masana ne. Babu mai gudu a dajin nan da bai wuce ni a hanya ba. Na san gudu ta baya, kuma can asirinsa yake."

Ungulu ta zagaya Cindo, ta latsa cikinsa da baki, ta girgiza kai. "Ranki ya daɗe, na ga cikin jikin dabbobi fiye da kowa a nan. Duk wanda na taɓa dubawa haƙarƙarinsa a waje haka, bai tashi ba. Rama ce ke damun yaron nan."

To, al'adar majalisar ita ce ba a tashi zama sai an ci abinci, kuma ƙarami ba ya mayar da kwanon manya da saura. Dorina da hannunta take zuba masa tuwo, ta malala man shanu, ta bi shi da fura da ayaba. Ba mugunta ba ce, tsakani da Allah take ƙaunarsa, abin da ya sa ma ya kasa cewa a'a ke nan. Cindo ya ci na ladabi, ya ci na kunya, har ya koma ci na sabo.

Kwamiti kuwa ya duƙufa ba ji ba gani. Aka yi makonni ana musu a kan ko ƙarfin mai keke a cinya yake ko a wutsiya. Kunkuru ya yi fushi ya shige ƙoƙonsa, aka ɗage zama har sai da aka lallashe shi ya fito. Duk wannan Cindo na zaune a tabarma yana kallon kekensa, tayoyi sun sace, kaca ta fara tsatsa.

Da abin ya ishe shi, sai ya fara satar jiki yana zagaya tudu da ƙafa kafin zama. Wata safiya ya iso sharkaf da gumi, Ungulu ta yi salati.

"Kun gani ko? Gumi ai ƙarfi ne yake tsiyayewa. Muna tarawa, yana zubarwa a hanya."

Cindo ya ce, "Likita, don girman Allah ku ba ni kekena. Ƙafata ta fara manta feda. Ni ba ni da wani baɗi, wannan ne kawai ya rage mini."

Dorina ta ji tausayinsa ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Ta hana shi fita, ta sa aka ƙara masa kwano.

Ana gobe tsere aka tara dabbobin daji kaf, Dorina ta miƙe ta yi jawabi. "Jama'a, kun ga yaron nan ranar da aka kawo mana shi, iska ma tana iya ɗaukarsa. Ku dube shi yau. Kumatu sun ciko, gashi na sheƙi, ko haƙarƙari ɗaya ba a gani. Ba mu gina hukuncinmu a kan zato ba, a gaban idonmu ya zama haka. Kwamiti ya tabbatar, baki ɗaya, cewa Cindo bai taɓa kai wannan ƙarfi ba. Ku tanadi wurin ajiye kofi."

Daji ya ɗauki tafi. Aka kwance keke, aka ba shi iska, aka ɗaura masa furanni.

Washegari aka busa usur. A gangare Cindo ya yi abin kirki, don nauyi ya taimaka, har mutanensa suka fara rawa. Da aka iso tudu sai labari ya sauya. Tudun bai kai rabin wanda ya saba hawa ba, amma numfashi ya ƙi, tumbi na dukan gwiwa, 'yan tseren da bara ko ƙeyarsa ba sa gani suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta maza ya miƙe a kan feda, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. A tsakiyar tudu ya sauka. Tunda ya fara tsere bai taɓa tura keke da hannu ba sai ranar, kuma ya yi kuka mai cin rai, don ya san kofin nan nasa ne da an bar shi. Ko da ya iso, har an fara kwance rumfa.

Kwamiti bai ɓata lokaci ba, ya zauna don gano inda aka kuskure. Bayan an ci abinci, Dorina ta sanar cewa sun amsa laifinsu, kuma ba za su ɓoye ba: sun makara wajen karɓar Cindo, shi ya sa aikin bai gama kama jikinsa ba.

Barewar da za ta hau keke baɗi an ce ta fara halartar zama tun daga gobe, kuma an sayo babbar tukunya.