Noma Mai Ɗorawa

Hannuna na cikin ruwan baba ina rini a marinar Ƙofar Mata Ɗayyabu ya kira ni a waya, ya ce yayansa Nata'ala ya cika. Na yi salati, na zauna a bakin karofi. Kano ta yi rashin babban manomi, irin wanda ba a taɓa ganin ƙasa a farcensa ba. Ni kuwa na rasa abokin da muka sha bulalar malami ɗaya.

Kayan yaji yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, gadon ubansa. Bara wata ƙungiya ta kira bitar noman buhu, don talakan da ba shi da gona ya riƙa samun ganyen miya a gidansa. Nata'ala ya je da babbar riga, ya zauna a layin manyan baƙi, ya shagala da gaishe-gaishe. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, ita ma a karkace. Malamar bitar ta ce "noma mai ɗorewa", shi ya ji "mai ɗorawa".

Ya dawo Soron Ɗinki da hular hana-salla ta ƙungiya. Matan unguwa da suka je bitar suka jera buhunansu a tsakar gida. Shi sai ya kafa tsani.

"Noman ƙasa na mutanen da ne," in ji shi a majalisarmu. "Duniya ta ci gaba, yanzu ɗorawa ake yi. Mu da muka yi kwas mun sani."

Buhunan ƙasa da kashin awaki suka hau kan ɗakin matarsa Turai, rufin azara da laka tun na kakansa. Safe da yamma yana sama da bokiti yana ban-ruwa, yana ɗaga wa masu wucewa hannu kamar ɗan takara. Muka naɗa shi Sarkin Noman Sama. Ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, ya ce ta ma yi jinkiri.

Na taɓa ce masa ni fa a rediyo "ɗorewa" nake ji ana faɗa. Ya dube ni da tausayi.

"Mustafa, kai baba ka sani. Wannan Hausar 'yan rediyo ce."

Alayyahu ya fito, ba zan zalunce shi ba. Gidan da duk aka rasa cefane a layinmu sai ƙullin ganye ya isa, haɗe da lacca. Amma azara ma ta yi ciki. Ƙasa ta fara zubowa kan gadon Turai, daga baya cikin kwanon tuwo. Shi ya ce alama ce saiwa ta kama.

Turai ta tare ni a zaure. "Malam Mustafa, damina ta matso, kuma ɗakin nan kaɗai gare ni da yara. Kai yake jin maganarka."

Ba ya ji. Ciwo ne ya yi abin da na kasa. Da ya kwantar da shi, a ɗakin aka yi masa shimfiɗa, daidai ƙarƙashin gonarsa, ya yi ta kallon azarar da ta lanƙwasa.

Mun sauke buhunan kafin sadakar uku, kuma da izininsa muka sauke. Ranar Juma'ar da na je duba shi, dab da rasuwarsa, ya rame har hular ta yi masa yawa. Ya jira Turai ta fita, ya kamo hannuna mai shuɗi.

"Ka tara mutane ku sauke kayan nan kafin ruwan farko. Kada ya rufta wa Turai da yara."

Na ce to.

"Amma kada ka ce kuskure na yi. Ka ce bincike ne, kuma ya kammala."

"In an tambaye ni me binciken ya gano fa?"

Ya ɗaga ido sama. Ƙasa ta ɗan zubo masa a gemu. Ya kakkaɓe a hankali.

"Ka ce sakamako ya fara saukowa."