Gwankin Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da kwalba mai lamba goma sha bakwai ba, ko na so mantawa ma abokan karatuna ba za su bari ba. Har yau akwai masu kirana Gwanki a cikin Garwa, kuma ina amsawa, don ni na jawo wa kaina.

Ina shekarar ƙarshe ne a makarantar koyon awon jini aka tura mu staj, wato aikin gwaji na wata uku. In shugabanka bai sa maka hannu a takarda ba, babu diplom, wato takardar kammala karatu. Abokaina duk suka zaɓi asibitoci cikin gari. Ni kuwa, da yake bakina ya fi zuciyata girma, na zaɓi bin wata likitar dabbobi da kowa ke kira Madam zuwa dajin farauta da ke bayan Poli. (Ni ɗin da ko kaza za a yanka a gidanmu sai in tuna an aike ni.) Kafin tafiya na yi kwana uku a shagon atamfar Babanmu ina cika wa 'yan kasuwa baki cewa daji zan shiga.

Abin da Madam take bincike a kai shi ne yadda farauta ke canza jinin namun daji. Ta ce dabbar da aka harba ta faɗi nan take jininta daban, wadda aka jikkata aka yi ta kora kuma daban: sukarinta ya hau, jininta ya yi tsami, wani sinadari da jiki ke saki lokacin firgita ya cika shi. Baba Buba, dattijon da ke bin mana sawu, ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "To Madam, wannan ai mun sani tun muna yara. Naman da ya sha gudu tauri gare shi, kuma ba ya kwana."

Aikina ɗaya ne. Da zarar dabba ta faɗi, in ruga in ɗebi jini daga jijiyar wuyanta kafin a yanka, don jinin yanka yana haɗuwa da abin da ke fitowa daga ciki, ba ya awo. Shi kuma Baba Buba dole ya yanka kafin rai ya fita, in ba haka ba naman ya zama mushe, ma'aikata da mutanen ƙauye sun yi asara. Ka ga ke nan aikina yana kan dabbar da ke da sauran rai, ga dattijo tsaye a kaina da wuƙa yana jira.

Sau biyu na lalata aikin. Na farko allura ta faɗi cikin ciyawa, na biyu na makara (gaskiyar magana, tsayawa na yi ina ɗaure takalmin da bai kwance ba). Madam ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Stagiaire, la troisième fois, c'est fini. Ɗan staj, in ka yi na uku, babu sa hannu." Ba ta maimaita magana.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, mai lasisin farauta ya harbi wani gwanki, ya zube a inda yake tsaye, ko taku ɗaya bai yi ba. Irinsa Madam ta yi makonni tana jira, dabbar da ba ta sha kora ba, don ta kwatanta da sauran. Daga wajen mota ta ƙwala mini kira, "Vite! Maza!" Muka kutsa cikin ciyawar da ta fi ni tsawo, Baba Buba a gaba.

Wanda bai taɓa ganin gwanki kusa ba, ya ɗauka ɗan barewa ne. Ya kusa doki girma, ƙahoninsa lanƙwasassu kamar lauje. Yana kwance yana huci, jini na bin kafaɗarsa. Baba Buba ya danne ƙahon da gwiwa ya ce, "Bismilla ɗana, yi sauri, zai tafi."

Na durƙusa. Na shafa wuyan, zafi rau, jijiyar na harbawa a ƙarƙashin yatsana. Sai ya juyo da ido ya kalle ni. Wallahi ni ya kalla. Ya yi wani gurnani, ya fizge kai, ƙafarsa ta baya ta wuce ta gefen kunnena har na ji iskarta.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai tsinci kaina a bayan wani suri, takalmi ɗaya a ƙafa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ina jin Baba Buba yana kira, "Ɗana! Ɗana!" Daga nan na ji ya yi bisimilla da kabbara. Ya yanka. Jinin da Madam ke jira ya tafi cikin ƙasa.

Nan tsoro na biyu ya sauko, wanda ya fi na farko: fuskar Madam, takarda babu sa hannu, da komawa shagon Babanmu in zauna gaban mutanen da na cika wa baki. Na duba jakata, ga sabuwar allura, ga kwalba. Na duba hannuna, ga jijiya ta fito raɗau. Shaiɗan bai ma sha wahala da ni ba. Na ɗaure damtsena da igiyar takalmi, na ɗebi jinin kaina, na rubuta 17, gwanki, namiji, faɗuwa nan take. (Abin haushi, ban taɓa samun jijiya da sauri kamar ranar ba.)

Da na miƙa kwalbar, Madam ta yi murmushi karon farko, ta ce, "Enfin! Sai yau ka zama namiji." Baba Buba yana goge wuƙarsa. Ya kalli kwalbar, ya kalli hannun rigata da na sauke har wuyan hannu cikin zafin nan, ya mayar da wuƙar cikin kube. Kwana goma da suka biyo baya, duk sanda ya yi gyaran murya sai in ɗauka tona ni zai yi.

Mun dawo Garwa da mako biyu Madam ta tara duk 'yan staj, har da na asibitocin gari, a labo, wato ɗakin awo, mu goma sha wani abu, ta ce za ta nuna mana abin mamaki. Ta liƙa sakamakon a allo. Ta nuna na dabbobin da suka sha kora, ta nuna na waɗanda suka faɗi nan take, sannan ta ɗora alli a kan lamba goma sha bakwai.

"Wannan gwankin bai yi gudu ba, amma ya fi kowace dabba a dajin nan firgita. Na yi kwana uku ina tunanin aikina duka ya rushe." Ta juyo gare ni. "Stagiaire, kai ka ɗebo shi. Zo ka duba mana a madubin awon jini."

Na tashi, na sa ido. Ƙwayoyin jini manya-manya, ba irin ƙananan na dabbobin da muka saba gani ba. Cikin wasu kuma ga 'yan zobban nan, waɗanda ko ɗan aji ɗaya ya sani.

"Me ka gani?"

"Zazzaɓin cizon sauro, Madam."

"Irin na wa?"

"Na... mutane."

"To gwankin nan yana kwana ba gidan sauro a wace unguwa?"

Labo ya kece da dariya, wata har da zama a ƙasa. Ni dai ina tsaye, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage. Madam ba ta yi dariya ba. Ta jira aka yi shiru ta ce, "Da kwalba babu komai ka kawo, da faɗa kawai zan yi, in sa hannu. Ni ma na gudu a karona na farko. Amma mai awon jinin da zai rubuta sunan wani a kan jinin wani, wata rana mutum zai kashe." Ta miƙo mini takarda. Na ɗauka ta staj ce, ashe ta maganin zazzaɓi ce.

Shekara guda cur na rasa. Abokaina suka karɓi diplom ina shago ina auna yadi. Da rani ya zagayo na koma Poli da ƙafata, na sami Baba Buba na ce me ya sa bai tona ni ba. Ya ce, "Ɗana, aikina bin sawu ne. Na san Madam ma za ta bi nata." Ya danne mini ƙaho sau tara a shekarar, ina karkarwa ina ɗiba, duk taran na gwanki ne na gaske.

Yanzu jinin mutane nake awo, kuma ba na rubuta suna a kwalba sai na duba sau biyu. In wani ƙato ya miƙo hannu yana cewa shi ba ya tsoron allura, ba na musu da shi. Na dai koyi cewa in ka ji tsoro ka faɗa da bakinka, ya fi sauƙi. Ni da na ɓoye nawa, a kwalba na kai shi Garwa, da lamba, da rubutun hannuna, aka liƙa shi a allo.