Garin Neman Rama

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Sakina ba, kuma ko da ni na so mantawa, mutanen Nima, unguwarmu a Accra, ba za su bar ni ba. Ranar ce na kwanta a tabarmar mahaifiyata, ido a rufe, kunne a buɗe, ana wanke mijina tas a kan laifin da ni na aikata, na kuma yi lamo kamar ban farfaɗo ba. Bari dai in faro muku daga tushe.

Tushen kuwa wani kwandastan trotro ne, wato motar hayarmu ta cikin gari. Wata safiya na shiga mota zan je kasuwar Makola saro mayafan da nake sayarwa. Kujerar ta mutum huɗu ce, mu uku muka cika ta fam. Kwandasta ya leƙo ya ce, "Obolo, matsa ciki, saura mutum ɗaya!" Obolo a bakin mutanen Accra shi ne mai ƙiba. Mota ta kwashe da dariya, ni ma na taya su, irin dariyar yaƙen nan da ta fi kuka ciwo. Har muka isa ban sake numfashin kirki ba, ina ta tsuke ciki don kada maƙwabciyata ta ji nauyina.

Gaskiya tun da na haifi 'yata Nafisa jikina ya buɗe. Amma a gidanmu ƙiba ba abin kunya ba ce, ita ce shaidar cewa miji yana riƙe da ke da kyau. Gwaggona takan kama damtsena ta girgiza, ta ce, "Ɗan Tawa ya iya kiwo paa!"

Ɗan Tawa shi ne maigidana, Malam Idi, mutumin Tawa ta Nijar, fataucin albasa ya kawo shi Accra. Lokacin da ya nemi aurena, Baba Sallau, ƙanin mahaifina kuma waliyyina, ya yi ta jan ƙafa. "Baƙo ne, ba shi da kowa a nan," in ji shi. "Gobe in ya bar mana yarinya da yunwa, wa za mu kama?" Maganar ta koma kunnen maigidana, ta kuma zauna masa a rai. Ranar da aka ba shi ni, ya durƙusa gaban dattawa ya ce, "In Allah ya yarda, ba za ta kwana da yunwa a hannuna ba." Ya kuwa cika alkawari har ya yi masa yawa. Da asuba kafin ya fita, koko da ƙosai. Da yamma in ya dawo, tsire ko soyayyen wagashi, wato cuku, ban da cefane. Kuma mutum ne mai kunya, ledar ma a ƙarƙashin riga yake ɓoyo ta, wai kada ya tsone wa wanda bai samu ba ido.

To, a daren ranar obolon nan sai na ga wata tsohuwar 'yar ajinmu ta saka hotuna biyu a ƙungiyarmu ta waya. A na farko tana kamar ni, a na biyu kamar ƙanwar kanta. Na bi ta gefe na tambayi sirrin. Ta ce abu mai sauƙi ne, kalori ɗari biyar a rana, kada in ƙara ko ɗaya. Ni ban san kalori sosai ba, na dai gane ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne, kuma farantin waci guda, wato shinkafa da wakenmu na nan, in an ɗora masa taliya da ganda da ƙwai, ya wuce ɗari biyar tun ba a zuba yaji ba. Ban tambayi likita ba. Asibitin ma da ƙafa ake zuwa daga gidanmu, amma na ga ai hoto ba ya ƙarya (ashe ma shi ne shugaban maƙaryata).

Abincina ya koma dafaffen ƙwai ɗaya, kokwamba, da ruwan zafi da lemun tsami. Sai matsala ta taso: ina zan kai abin da maigida ke kawowa? Zubar da abinci ba tarbiyyarmu ba ce. In gaya masa kuwa, na san ba zai yarda ba. Nan dabara ta faɗo mini. A ɗakin ƙarshe na gidan hayarmu akwai wata tsohuwa, Mma Adisa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna can arewa. Na juye rabona a kwano, na rufe da mayafi na kai mata, na ce, "Mma, sadaka ce. Don Allah kada kowa ya ji." Tsohuwa ta yi ta sa mini albarka har da ƙwalla, ni kuma ina cewa amin ba kunya. Shi maigida a waje yake cin tuwonsa da abokansa bayan Magariba, in ya shigo ya tambaya sai in ce na ci tun ɗazu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni nawa tuwon ma na hana shi, na cika shi da ƙarya.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Zani ya fara zagaye ni da saura. Amma yunwa ba kanwar lasa ba ce. In na miƙe tsaye sai in ga gari ya yi duhu. A zafin Accra nake jin sanyi har in nemi rigar sanyi. In na taje kai, gashi ya biyo matajin. Ga faɗa ba dalili: wata mata ta taya mayafi, na bi ta da baƙar magana har bakin titi. Nafisa ma ta koyi tsayawa daga nesa ta karanci fuskata kafin ta matso.

Maigida ya ga ramar. Ya ce mu je asibiti, na ce zafin gari ne. Sai ya shiga zargin kansa. "Ko tsiren nan ba ya miki daɗi ne? In canza mai nama?" Ya canza mai nama. Ya ƙara kifi, ya ƙara madara. Duk abin da ya ƙara, Mma Adisa ce ke ganin alherinsa. Ni ina shanyewa, tsohuwa tana murmurewa a gida ɗaya, kuma ba wanda ya haɗa biyu da biyu. Gidan mahaifiyata a unguwar Maamobi kuwa na rage zuwa, in ma na je sai da zurmemen hijabi.

Haka aka yi wata biyu da 'yan kai har bikin Sakina ya zo. An kafa rumfuna a layinmu na Maamobi, an toshe hanya, dangi daga Kumasi har Tamale sun hallara. Ni ce babbar yaya, tun safe ina kan ƙafata tsakanin tukwane da baƙi, cikina ba komai sai ruwan lemun tsami. Ƙamshin miya yana bi na duk inda na juya. Bayan La'asar na ɗauko babban tire na shinkafa zan kai rumfar dangin ango. Na tuna na ga surukar Sakina tana mini murmushi. Daga nan ban sake sanin komai ba. An ce ni da tiren tare muka sauka, kuma cinyar kaza ta ƙare a cinyar wata Hajiya.

Da na dawo hayyacina, na ji ni a ɗakin mahaifiyata, an cire mini hijabi, an jiƙe ni da ruwa. Kafin in buɗe ido na ji muryar Gwaggo a sama.

"Ei! Ku duba wuyan yarinya! Ƙashi kawai! Yarinya ya ƙare koraa!"

(Mu 'yan zango mace da namiji duk "ya" muke ce musu. Maigidana ya daɗe yana tsokanata a kan haka, amma ranar ba wanda ya yi dariya.)

Nan ne ya kamata in buɗe ido. Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Sai na ji Gwaggo ta ce a kira Baba Sallau, a kuma kira mijin. Tsoro ya kama ni, na ce bari in ɗan jira ƙura ta lafa. Na ƙara runtse ido.

Na ji shigowar maigidana, na ji ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Daga hayaniyar da ke bakin taga na san rabin biki ya dawo kallonmu.

"Malam Idi," in ji Baba Sallau, da muryar da ta isa har rumfa, "mun ba ka yarinya da jikinshi. Duba yadda ka mai da shi. Ba abin da na faɗa ke nan tun farko ba? Albasa kake ba shi ya ci, ko iska?"

Wani ya yi dariya a bakin taga. Na jira maigidana ya kare kansa, ya lissafa koko da ƙosai da tsire da kifi. Da ya yi haka da na samu sauƙi. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, ku yi haƙuri. Ni ma na ga ramar. Na ƙara cefane, na canza mai nama, ban san inda na gaza ba. Amma tun da a hannuna ta rame, laifina ne."

"To yarinya zai zauna nan wurin uwanshi sai ya dawo mutum. Kai ka tafi."

Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke shi. Ina kwance ina jin mutumin da bai taɓa shigowa gida hannu rabbana ba yana ba da haƙuri a kan yunwa, ni kuma abin da ke raina shi ne yadda za a kalle ni in na faɗi gaskiya. Wannan shirun shi ne abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, ya fi faɗuwar da tiren sau dubu.

Sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Mma Adisa ce, ita ma ta zo biki, ta ture mutane ta shigo.

"Daabi, Alhaji, a'a, tsaya! Yaron nan bai yi laifi ba. Ku duba kumatuna. Da haka nike? Ni ne na ci! Koko da ƙosai da safe, tuwo da rana, tsire da yamma, kullum. Yarinya ya ce mini sadaka ne, kar in faɗa. To yau na faɗa, Allah ya yafe mini."

Sai na ji sandar ta taɓa ƙafata.

"Ke kuma buɗe ido. Tun da na shigo nike ganin gashin idonka na motsi."

Na buɗe. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya. Cikin kuka na zayyana komai, obolo da hoto da kalori. Gwaggo ta ce, "Kalo me?" Mahaifiyata ta riƙe baki. Baba Sallau ya yi ta gyaran murya yana gyara hula. Maigidana kuwa bai tambaye ni me ya sa ba. Ya dube ni ya ce, "Tun yaushe kika farka?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai, ya sa takalminsa, ya fita nemo motar da za ta kai ni asibiti.

A can aka ce jinina ya yi ƙasa, aka ƙara mini ruwa. Likitar, wata mace mai faɗa kamar Gwaggo, ta ce irin wannan tsananin rage abinci ba a yin sa da ka. In ma za a yi, sai ga wanda lalura ta kama, na ɗan lokaci, likita yana duba shi. Ta ce jikin da aka hana abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake haɗawa, kuma zuciya ma tsoka ce. In ina son ragewa, in rage mai da zaƙi, in rage girman faranti, in riƙa taka ƙafa, a bi abin sannu a hankali. Shawarar da zan samu tun farko da na taka 'yan layuka kaɗan.

Baba Sallau ya zo har gida ya ba maigidana haƙuri, ni ma na ba shi har na gaji, ya ce ya wuce. Amma kun san labari a zango, rabin farko ne ke da ƙafa. Waɗanda suka ji faɗan ta taga sun kai shi har Kumasi, bayanin Mma Adisa kuwa a ɗakin ya tsaya. Har yau akwai masu ce masa ɗan Tawan nan da ya bar matarsa da yunwa, kuma ya sani.

Yanzu in ya dawo da yamma, ba ya ɓoye leda a ƙarƙashin riga. A hannu yake riƙo ta, a fili, tun daga bakin titi har ƙofar gida. Ledoji biyu ne ma, don ya ce an riga an saba wa tsohuwa, ba za a yanke mata ba. In ya shigo tsakar gida sai ya ɗaga murya, shi da ko sallamarsa da ƙyar ake ji a da, ya ce, "Ga tsirenki!" don maƙwabta su shaida. Duk ranar da na ji wannan kiran, kai a sunkuye nake fitowa in karɓa.

Hausawa suna cewa garin neman ƙiba a samo rama. Ni garin neman rama na ramar da sunan bawan Allah. Ƙibata ta dawo har da ƙannenta, sunansa ne bai gama dawowa ba. Don haka 'yar'uwa, in kwandasta ya ce miki obolo, ki matsa ciki kawai. In kuma lallai sai kin rage, ki je ki ga likita, sannan ki gaya wa mai sayo tsiren.