Dajin da Malam Jumare Ya Gyara

Duk Birnin Gwari babu wanda ya san sirrin rubuta labari kamar Malam Jumare, shugaban ƙungiyar marubutan garin, wanda ya raɗa wa kansa Garkuwan Alƙalami. Bai taɓa fitar da littafi ba, domin a cewarsa gaggawa aikin ƙananan marubuta ne. Kullum da safe sai ya feƙe fensir shida ya jera su a tabarma, ya sha kunu, ya dube su da idon basira, ya mayar da su aljihu.

Dokokinsa arba'in ne, kuma yana karanta wa almajiransa su a tsaye.

"Doka ta ɗaya, marubuci ba ya rubuta abin da ƙafarsa ba ta taka ba. Doka ta tara, kada jarumi ya ci abinci a babin farko, yana rage masa kwarjini."

Ran nan Saliha, wata malamar firamare daga Tabanni, ta kawo masa labarinta a littafin makaranta. Gasa za ta shiga, ana rufewa ranar Juma'a, kuma ba a karɓa sai da sa hannun shugaban ƙungiya. Labarin na kwana uku ne da ta yi tana ratsa daji da goyo, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu.

Garkuwa ya zaro jan biro. Ya soke inda ta ci ɗanyen rogo, saboda doka ta tara. Ya soke ƙayar da ta shige mata diddige, ya ce ƙaya ba ta da daraja a adabi. Daga shafi na biyar ya tura hula gaban goshi.

"Malama, ina zaki? Ina aljani mai ƙafar jaki? Daji ba haka yake ba. Wannan ai gonar wani kika zagaya. Ba zan zubar da sunana a kan dajin da babu zaki ba."

Saliha ta dubi jan da ya cika mata takarda.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe, tsoro ya hana ni dubawa da kyau. Yayana Hammadu zai shiga dajin ɗebo kayanmu ranar Alhamis, kuma akwai wurin zama a babur ɗinsa. Sai ka zo ka nuna mini inda zakin yake, in gyara."

Garkuwa kuwa ko tashar mota ba ya zuwa sai ya tambayi lafiyar hanya. Ya sake buɗe littafin, ya karanta da sabon ido, ya ga ashe dajin ya yi kyau matuƙa.

Ya sa hannu wuri uku, har da inda ba a nema ba.