Ranar da Na Tuƙa Tuwo da Tarihin Wani Ƙauye

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da yake ba wata babbar ƙara ba ce. Ƙas! Muciyata ce ta karye gida biyu a cikin tukunya, wata ranar Alhamis da hantsi, ina tsakiyar tuƙa tuwon sunan jaririyar ƙanwata. Rabi ya rage a hannuna, rabi ya nutse.

Wanda bai san Madina ba zai ce a aika a sayo wata mana. A ina? Muciyar babbar tukunya sai dai a ba masu zuwa Umara sautu, su taho da ita daga Kano ko Damagaram, ita ma sai an yi wata ana jira. Ga tuwo ba ya jiran kowa. Ki bar shi minti biyar ya yi gudaji, tsofaffin danginmu kuwa za su yafe miki komai ban da gudaji. (Har yau ana ba da labarin wata da ta yi su a bikin da aka yi tun ban yi aure ba. Ta rasu ma, Allah ya jiƙanta, labarin bai rasu ba.)

A saman bene muke girkin taro, sutuh kamar yadda muke cewa, don kicin ɗinmu mutum biyu ba sa juyawa. A can akwai ɗan ɗakin ajiya na dukan mazauna gidan. Na rage wuta na faɗa ciki a guje, ina neman ko da sandar tsintsiya ce. Sai idona ya faɗa kan wata doguwar jakar yadi a rataye. Na zare abin da ke ciki. Katako ne mai faɗi, da mariƙi zagayayye an naɗe shi da zare, tsawonsa daidai ƙuguna. Na ce Allahu Akbar, wanda ya sassaƙa wannan ya san tuwo.

Sai dai ya yi baƙi ƙirin, yana maiƙo, yana wani wari kamar na sabon fenti. A bayansa kuma akwai rubuce-rubuce da suka dusashe, haruffan kamar na Larabci amma ban iya haɗa kalma ko ɗaya ba. A nan ne fa na nuna ilimina. Na ce a raina, wa ya sani ko akwai sunan Allah a ciki? Ba zan tsoma sunan Allah a tukunya ba. Don haka na ɗauko soson waya da garin sabulu da ruwan zafi, na zauna na dirje shi tas, har farin itacen ya fito. Ruwan wankin ma ban zubar a kwata ba, na kai shi gindin tukunyar raihan, ɗoɗɗoyar da muka shuka, na juye da ladabi. Ina yi ina jin daɗin kaina, wai ni mai kiyayewa.

Tuwon kuwa, wallahi ban taɓa yin irinsa ba. Santsi kamar kitse. Surukata, wadda yabonta ya fi ruwan sama wuyar gani a garin nan, ta ce, "Yau kam hannunki ya faɗa." Na wanke katakon, na mayar da shi jakarsa, na rataye, ina tunanin mai shi zai gode mini don na raba shi da dauɗa.

Na aika wa maƙwabta tuwon, har da Khala Nasrin ta hawa na biyu (Khala gwaggo ke nan da Larabci, Amm kuma baffa). 'Yan Pakistan ne, ita da mijinta Amm Rafiƙ, dattijo mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da jikarsu Amna 'yar shekara biyar. Da yamma ta dawo mini da kwanon da kanta, da alewar madara a ciki. Larabcinta a karye yake, nawa Urdun babu, amma mun fi shekara goma muna fahimtar juna.

"Ya jara, maƙwabciyata, abincin nan naku daɗi, daɗi. Gobe bayan la'asar ki zo fili. Ranar ƙungiyarmu ce. Mata ma suna zuwa, akwai shayi."

Ƙungiyar kurket take nufi, wani wasan ƙwallo da 'yan ƙasarsu ke ji da shi. Duk Juma'a ina hango su daga tagar ɗakina, can nesa a wani fegi da ba a gina ba ta wajen unguwar Jurf, sun sa fararen kaya sun watsu. Na daɗe ina so in san me suke yi. Daga nesa dai abin da nake gani, mutum ɗaya ya rugo a guje, ɗaya ya kaɗa wani abu, sauran kuma su tsaya kamar masu jiran bas. Abin da ake kaɗawar ban taɓa ganinsa kusa ba. (Ku riƙe wannan a matsayin uzurina. Shi kaɗai nake da shi.)

Maigidana ya kai ni, ya wuce wurin maza. Aka shimfiɗa mana darduma a gefen motoci. Ban ko gama zama ba na fara tambaya. Me ya sa aka kafa sanduna uku? Me ya sa wancan yake goga ƙwallo a wandonsa, ba shi da mata ne? Wa yake cin wasan? Khala Nasrin ta ce ba a sani ba tukuna, sai an jima. Na ce tun ɗazu? Ta ce a wasu wuraren kwana biyar ake yi. Na ce a raina, to wa ke dafa musu abinci?

Daga nan ta shiga ba ni tarihin, wata budurwa da aka haifa a nan tana cike mata Larabcin. Ashe ƙungiyar ba a Madina ta fara ba. Ta ƙauyensu ce a can Pakistan, wani ɗan ƙauye a bakin rafi. Wani kafinta ne, tun zamanin kakanni, ya kai ƙofofi birni ya ga ana wasan, ya dawo ya sassaƙa abin bugu da itacen gonarsa. Ba su da fili sai masussukar alkama, don haka sai an gama girbi ake wasa. Ƙwallon farko tsumma ne aka naɗe da zare. Limamin ƙauyen da fari hanawa ya yi, ya ce samari suna makara sallar la'asar. Da ya ga ba za su bari ba, sai ya zama alƙalin wasan, don shi kaɗai ne ba a yi wa gardama, kuma in ya ɗaga hannu ya ce sallah, ko ƙwallo tana sama sai ta jira.

"To yaya aka yi ta zo nan?" na tambaya.

"Samari duk sun fito neman abinci. Na nan sun fi na can yawa. Sai dattawa suka ce wa maigidana, ɗauki amanar ka kai musu."

"Wace amana?"

"Madrab na farko, abin bugun nan da kafintan ya sassaƙa. Ba a wasa da shi yanzu. Duk wanda ya shugabanci 'yan wasa sai ya rubuta sunansa a baya da hannunsa. Mutum goma sha uku. Baban maigidana ne na tara. Sau ɗaya a shekara ake fito da shi, a gaban kowa ake buɗe jakar. Yau sabon shugaba zai sa sunansa."

Na ce masha Allah. Har idona ya kawo ruwa, don ni abu kaɗan ke sa ni kuka. Sai ta ƙara da cewa, "Sati guda yana shafa masa mai don kada itacen ya tsage. Warin yana tayar mini da asma, na ce ya kai shi sutuh."

Na ajiye kofin shayina a kan darduma. A daidai lokacin na fara kallon abin da ke hannun mai bugun da kyau. Faɗin. Mariƙin. Na ce a raina, Ya Rabbi, ka sa a ce akwai jaka biyu a ɗakin nan.

Jaka ɗaya ce. Na gane ta tun daga nesa, lokacin da aka tsayar da wasa, maza suka yi da'ira, Amm Rafiƙ ya rungumo ta kamar jariri. Ya yi bisimilla ya zare. Katakon ya fito fari fes yana ɗaukar ido. Ya juya bayansa. Ya sake juyawa. Ya ciro tabarau ya sa, ya sake dubawa. Daga inda nake zaune ina hango ɗan busasshen tuwo maƙale a gindin zaren mariƙin.

Sai wurin ya ɓarke da hayaniya. Ban ji Urdu ba, amma budurwar nan tana fassara mini, baiwar Allah, ba ta san wa take fassara wa ba. "Wai an musanya. Wai an sace na gaskiyar. Suna tambaya wa ke riƙe da makullin ɗakin ajiya." Sai na ji an ambaci Malam Idrisa, mai gadin gidanmu, dattijo ɗan Cadi da ko dabinon da ya faɗo daga buhun wani ba ya ɗauka. Wani har ya ciro waya.

Gaskiya sai da na yi tunanin yin shiru. Fuskata a rufe take, wa zai gane? Na ƙirga taku nawa ne zuwa mota. Amma ƙafata ta miƙe kafin in gama ƙirgawa, na ji muryata tana cewa da Larabci, da ƙarfin da ban san ina da shi ba:

"Ya Amm, ba a sace ba. Shi ne. Ni ce na wanke shi."

Kawuna kusan arba'in suka juyo. Maigidana ya dafe goshi tun bai ji sauran ba.

"Kin wanke, binti, 'yata? Don me?"

"Na... na tuƙa tuwo da shi."

Babu wanda ya san tuwo. Dole na kwatanta. Jama'a, na tsaya a gaban maza arba'in da abayata, na riƙe iska da hannu biyu ina juya ƙugu ina nuna yadda ake tuƙi. Khala Nasrin ta dafe ƙirji. "Wanda muka ci jiya?" Na ce shi. Ta ce, "Maigidana har ƙari ya yi!"

Wani ya tuntsire da dariya ya toshe baki. Amm Rafiƙ bai yi dariya ba. Ya zauna a kan akwatin ruwa, ya ɗora katakon a cinyarsa, ya sa yatsa a wani wuri kusa da tsakiya yana shafawa. Ba sai an gaya mini sunan wa ke wurin a da ba. Na fara ba shi haƙuri, ina kuka ina bayanin yadda na ji tsoron kada sunan Allah ya shiga tukunya, da yadda na kai ruwan gindin raihan. Ya ɗago ya dube ni.

"Akwai Abdurrahman biyu a ciki," ya ce a hankali. "Da Abdulgafur. Wannan kam kin yi daidai." Ya sake duban katakon. "Rubutun babana ba zai dawo ba, binti. Ba zan ce miki ba komai ba, akwai komai. Amma na yafe. Kin yi makaranta?"

Na ce na gama sakandare.

"To zo ki zauna. Wadda ta goge ita za ta rubuta."

Aka miƙo mini alƙalamin da aka tanada don sabon shugaba. Yana faɗa ina rubutawa. Kowane suna kuma sai ya biyo shi da labarinsa, har na manta ni ce mai laifi na koma tambaya. Na biyu wai da hannun hagu yake bugu, ya taɓa fasa tulun matar liman. Na huɗu ambaliya ta cinye masussukar a zamaninsa, suka yi shekara biyu suna wasa a tsakar makaranta. Da muka kai na shida sai ya kakare. Ya rufe ido, ya buɗe, sunan ya ƙi zuwa. Babu wanda ya sani a wurin. In kuwa ya ɓace, ni na ɓatar da shi.

Aka kira ƙauyen ta waya mai hoto. Aka yi ta miƙa wayar daga gida zuwa gida, muna ganin katanga da awaki da sama, har aka kai ta ga wata tsohuwa da ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta faɗi sunan nan take, ta ƙara da cewa wanta ne, kuma bai iya wasa ba, don yana da keke aka ba shi shugabancin. Sannan ta nemi a nuna mata matar da ta yi girki da madrab. Aka juyo wayar. Na ɗaga wa ƙauye guda hannu.

Da muka zo na tara, Amm Rafiƙ ya karɓi alƙalamin ya rubuta da kansa. Ban tambayi komai ba a nan.

Abin da na koya? Ni da nake tambayar dalilin goga ƙwallo a wando, ni da ba a sauke buhu a gidanmu ban san na wane ne ba, rana ɗaya tak da tambaya za ta yi amfani, ranar ce na ga ba ni da lokaci. Yanzu ko cokali na tsinta a sutuh sai na bi hawa huɗu ina sallama.

Bayan sati biyu na sauka wurin Khala Nasrin kai mata garin kuka, don ta ce tana so ta gwada miyar. Amna ce ta buɗe ƙofa, riƙe da ɗan ƙaramin madrab na roba da kakanta ya saya mata. Tana ganina ta mayar da shi bayanta da sauri, ta ja da baya har ta jingina da bango, ta ce:

"Khala, wannan nawa ne. Ba a girki da shi."