Kawu Nomau da Motar Malam Sidi

A Gusau an yi wani malamin makaranta, Malam Sidi, da matarsa Turai da 'ya'yansu huɗu. A gidan akwai ƙanen Turai, Nomau, ƙato mai gemu, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya rage mata ko wasali. Malam yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da yara suka sa wa suna Sai-an-tura. Duk dogon hutun damina, a cikinta ake loda kowa da komai a nufi ƙauyen su Malam, Tungar Bawa. Tafiyar awa uku ce, amma ba a taɓa yinta ƙasa da wuni ba. Nomau kuwa ba a barinsa a gida, don shi ne mai turi. Yaran nan yanzu duk sun yi iyali, amma in suka haɗu ba su da hira sai ta Kawu.

Wata rana ana shirin tafiya, Malam ya miƙa wa Nomau galan ya ce ya sayo mai, don motar nan shan mai gare ta. Nomau ya je gidan mai, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya wuce kasuwa wajen masu tallan nono. Malam na fitowa ya tarar da shi ya narkar da man shanu, yana shirin ɗura wa mota.

Nomau ya ce, "Malam, na shinshina wancan, wallahi ba ya shawuwa."

Hutun nan kaf da man shanu aka ci tuwo, yara suna ta sa wa Kawu albarka.

Wata rana kuma aka tsaya wata kasuwar bakin hanya, kowa ya fita, Malam ya ce wa Nomau ya sa wa mota ido. Ya durƙusa ya manna idonsa na dama a jikin ƙofa, ga ƙarfe ya sha rana. Awaki suka zo suka tarar da but, wato wurin kaya na bayan mota, a buɗe, suka cinye alkaki da ƙuli-ƙulin guzuri, har da ganyen da aka naɗe su. Da aka dawo yara suka fashe da kuka. Nomau ya ɗago da ido jawur, ya ce ya ji motsinsu sarai, amma ba a ce ya sa wa awaki ido ba.

A wannan tafiyar ce, a wani hawa, yana turi yara suna ihu, "Baba, ba ta wuta!" Sai ya saki mota ya ruga wurin mai gasa masara, ya dawo da bakin wuta yana tambaya ta ina ake ba ta. Ran nan Turai, duk da nauyin jikinta, ta riga kowa fita.

Wata rana, saura mil biyu a isa ƙauye, mota ta yi tari ta tsaya cak. Aka tura, aka lallashe ta, ko gezau. Malam ya ce, "Nomau, ruga ka gaya wa Iya ta mutu a hanya, a zo da mutane." Nomau ya isa yana haki, ya faɗi saƙo yadda aka ba shi. Iya, mahaifiyar Malam, ta tambaye shi wa ya mutu, ya ce Malam bai faɗi suna ba. Iya ta tuna Turai na da tsohon ciki, ta ɗora hannu a ka. Kafin a jima gari ya fito, liman a gaba, makara a baya. Suka iske Turai zaune a gindin ɗorawa tana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Tunda an riga an zo, masu makoki suka ajiye makara suka tura mota har ƙofar gida.

Wata rana, ana komowa Gusau, aka tsaya sallar azahar a bakin wani rafi mai faɗi wanda ba shi da gada, sai dai mota ta ratsa ta cikin yashi da ɗan ruwa iya idon sawu. Aljihun Malam ya yage, sai ya ba Nomau makulli ya ce, "Riƙe, kada ka ba kowa."

Aka idar da salla, ga hadari ya yi baƙi ƙirin can gabas inda rafin ya taso. Malam ya kora yara cikin mota, ya miƙa hannu. Nomau ya damƙe makulli ya sa a baya.

Ya ce, "Ka ce kada in ba kowa."

Malam ya ce, "To ai ni ne."

"In na ba ka, ke nan kai ba kowa ba ne. Ni kuwa ba zan wulaƙanta mijin Yaya ba."

Malam ya yi rarrashi, ya yi faɗa, Turai ta sa baki, har aka gwada ɓanɓare masa yatsu, amma wa zai iya da hannun da ya saba tura mota? Nomau har da ƙwalla, yana roƙon Malam kada ya ƙasƙantar da kansa a gaban yara.

Ana cikin haka suka ji wani gurnani. Ruwan sama da aka yi a can tudu ne ya gangaro, ja wur, ya fi tsayin mutum. Nan da nan ya shafe mashigin, yana jujjuya wata ƙatuwar bishiya da saiwoyinta kamar tsinke. Motar da ke mutuwa a kan busasshiyar kwalta, babu wanda bai san inda za ta kasance ba da an shiga. Turai ta jawo 'ya'yanta jikinta tana ƙirga kawunansu.

Malam ya daɗe yana kallon ruwa. Can ya cire hula ya share zufa, ya ce a hankali, "Nomau, yau na yarda, ni ba kowa ba ne. Kawo."

Nomau ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa masa makulli da hannu biyu.